Saniyar Aro

Kwalabe uku na allura, sirinji, audiga, da maganin tarin da Namadi ya rantse ba zai sha ba. Abin da ke jakar Junaidu ke nan sa'ad da babur ɗinsa ya kafe a taɓo, yana dawowa Gwashi daga Gummi. Sai da ya tura shi har ƙafafunsa suka yi sanyi.

Shekara shida ya yi a Maiduguri yana karatun likitan dabbobi. Ya dawo ya tarar ɓarayin daji sun kore garken maƙwabcinsa Namadi kaf. Wani aminin tsohon a Adabka ya ba shi aron saniya irin na Fulani: uwar ta mai ita ce, abin da ta haifa na Namadi. Sau biyu tana ɓari. A ciki na uku Junaidu ya fara yi mata allurar furojestaron, sinadarin riƙe ciki, tunda wanda jikinta ke yi ba ya isa.

"Baffa, kai ma mu tahi asibiti," ya ce masa jiya kafin ya kama hanya.

"Likitan shanu za ya kai mutum asibiti?" Namadi ya yi dariya, ta koma tari. "Saniyag ga ta haihu tukuna. In bar ma Hamsatu abin riƙewa."

Junaidu ya iso bayan azahar, ya ga tabarmi a ƙofar gidan. An kai Namadi makwancinsa tun hantsi.

Ya zauna aka yi addu'a. Sannan ya shiga, ya gaida Hamsatu, matar Namadi, ta bayan labule, ya zuƙi allura ya yi wa saniyar. Yana shafa wuyanta Usama, ɗan mai saniyar, ya shigo da igiya.

"Likita, Baba ya ce in taho da ita. Hanyag ga ba ta biyuwa sau biyu."

"Saura kwana arba'in ta haihu. In ta taka zuwa Adabka, cikin ya zube."

"Wanda anka ara ma ya tahi."

Daga ɗaki Hamsatu ta ce, a hankali, "Ku bar shi ya kai ta. Ba ni da bakin magana."

Junaidu ya karɓi igiyar daga hannun Usama, ya ja saniyar ta gaban masu zaman makoki, ya shigar da ita gidansa. Ta sa baki a ƙwaryar dusa.

"Gaya ma Baba tana hannuna. Sai ta haihu."

Ya rufe ƙofar langalangar, ya sa sakata.