Labarin Labo a Bakin Bature

Labo ya tsayar da babur ɗinsa ƙarƙashin dogon yaron da ke bakin tashar Konni, ya tarar da abokan aikinsa 'yan kabu-kabu sun haɗa kai kan waya guda. Hantsi ya ɗaga, fasinja sun yi wuya. Awal ne ke riƙe da wayar.

"Zo ka ga aikin tobashinka," in ji Awal. "Ya bar sarakuna, ya shiga kaso."

Muttaƙa yake nufi, ɗan kawun Labo. Muttaƙa yana da shago a bayan kasuwa, da kwamfuta da lasifika, inda yake ɗora muryarsa ta Hausa kan fina-finan Ingila. Ba na wasan kwaikwayo ba, irin waɗanda ake ɗaukar abin da ya faru da gaske: auren gidan sarauta, jana'izar sarakuna, keken doki mai ruwan zinariya, barorin fada masu jan kaya. Mata ne suka fi saye, yana tura musu a katin waya. Shekara uku ya yi yana lakwal, wato makarantar boko, a Sakkwato, Turancinsa ya isa ya bi mai ba da labari idan yana magana a hankali. Inda bai gane ba sai ya cike da nasa. Har karnukan fada ya raɗa wa suna. Kowa ya san haka yake yi, kuma don haka ake saye.

Wannan sabon na cikin wani gidan kaso ne na Ingila. Wani Bature mai askakken kai yana zaune bakin gado, hannunsa na hagu a naɗe da farin ƙyalle. Ya ɗaga hannun yana magana da sauri. Muryar Muttaƙa ta hau kansa.

"Kun ga wanga yatsa? Ƙohwar ƙarhe ce ta datse shi, watana na biyu a nan. In na koma gida cewa zan yi ƙohwar babbar mota ce. Don can gida ba su san ina nan ba. Ce musu aka yi ina Kumasi ina dakon goro."

Aka fashe da dariya. Bature da dakon goro.

"Buhu aka ba ni in ƙetare iyaka da shi, aka ce garin rogo ne. Ashe ƙwaya ce ciki. Ranar da na hita, kasuwa zan biya in sayi zane mai tsuntsaye, in kai ma yarinyar da nake so, in ce tsarabar Kumasi ce."

Labo ya tura hannunsa na hagu cikin aljihu. Ya makara. Awal ya riga ya kalli yatsan, wanda ya lanƙwashe kamar ƙugiya, wanda duk tashar ta san ƙofar babbar mota ce ta datse shi a Kumasi. Dariyar Awal ta tsaya. Ya rage sautin wayar, ya ce wai caji ya kusa ƙarewa.

Shekara goma sha huɗu ke nan da abin. Wata ashirin da bakwai Labo ya yi a wani gidan kaso cikin Najeriya. Mahaifinsa ne ya ƙirƙiro Kumasi don ya rufe bakin mutane, ya mutu da maganar a cikinsa. Da Labo ya dawo ya nemi auren Tsahara a Dogarawa, babanta ya zaunar da shi a zaure ya tambaye shi inda ya yi shekarun nan. Ya ce Kumasi. Tsahara ba ta taɓa jin wani abu ban da wannan ba.

Mutum ɗaya Labo ya taɓa faɗa wa gaskiyar. Shekara huɗu da suka wuce babur ya mutu musu a hanyar Malbaza, shi da Muttaƙa, suka yi ta turi cikin rana. Gajiya ce ko zafi, bai sani ba, bakinsa ya buɗe. Muttaƙa ya rantse da Allah ba wanda zai ji.

Labo ya tada babur bai yi wa kowa sallama ba.

Ya sami Muttaƙa da abin sauraro a kunne, yana kallon wata tsohuwa mai hular fure tana ɗaga wa jama'a hannu. Da ya ga Labo sai ya cire, ya yi murmushi.

"A'a, bawan gidanmu. Ka zo gaida uban gidanka?"

"Kashe wanga abu."

Muttaƙa ya dubi fuskarsa, ya kashe.

"Ka gani ke nan."

"Na ji. A tasha na ji, tsakiyar mutane."

"To mi na yi? Ban hwaɗi sunanka ba. Bature ne, sunanshi ma yana rubuce a ƙasa."

"Mutum nawa ne a Konni suka yi dakon goro a Kumasi suka dawo da yatsa a karye?"

Muttaƙa ya sosa gemu. Ya jawo kujera, Labo bai zauna ba.

"Bari ka ji yadda aka yi. Waɗanga na kaso ba Turancin fada suke yi ba. Wallahi kamar mai tauna tsakuwa. Mutumin ya ɗaga hannu ya yi minti huɗu yana zuba, kalma ukku na kama. Minti huɗu, Labo. In na yi shiru mutane su ce kati ya lalace. Na dubi hannun, na ga naɗi, abin ya zo mini baki. Ni ban taɓa shiga kaso ba, da mi zan cike?"

"Da ƙarya. Kamar yadda ka saba."

"Ƙarya ba ta kama mutane haka. Ka ga yadda aka karɓe shi? Tun da na hwara aikin ga ba a taɓa..."

Ya kau da ido.

"Ka saurare shi kahin ka sake shi?" in ji Labo.

"Na saurara."

"Sau nawa?"

"Biyu."

"Ka ji zanen. Ka ji tsuntsayen."

"Na ji. Na ce wa zai kula? Kuma ni da kai ai akwai wasa. Tun muna yara mi ban ce maka ba?"

"A gabana kake ce mini."

Wani ya leƙo da waya a hannu yana son a tura masa na kason. Muttaƙa ya ce ya dawo an jima. Mutumin ya ce abokinsa ya riga ya samu a Badagishiri ranar kasuwa, shi kaɗai aka bari a baya. Ya tafi yana gunaguni.

"Goge shi," in ji Labo.

"Zan goge. Amma ka ji da kunnenka. Yana Badagishiri, yana Illela. Wanda ya saya ya tura ma goma."

Labo ya san haka tun kafin ya shigo. Abu ɗaya ya kawo shi.

"Tsahara ta aiko da katinta wanga mako?"

Muttaƙa ya dubi kwamfutar da ke kashe.

"Jiya. Na bikin naɗin sarauta take so."

"Shi kaɗai ka sa mata?"

"Duk sabbin mako nake sa ma kowa. Guda biyar ne, tare suke tahiya. Ban tsaya na zaɓa ba."

"Ka riƙe katin matata a hannunka, ka san abin da ke ciki, ka tura."

"Akwai mutane cike da shago, Labo."

Labo ya dube shi. Sun yi kaciya rana ɗaya, sun kwana ɗaki ɗaya a gidan kaka har suka girma. Ya fita. Muttaƙa ya biyo shi har bakin ƙofa yana cewa Tsahara ba ta kallon irin waɗannan, ita sai na amare da dawaki, wataƙila ma ba ta buɗe ba.

A hanya ya riƙe wannan maganar. Wataƙila ba ta buɗe ba. Zai ce wayarsa ta lalace, ya ari tata, ya cire katin ya jefa a kwata. Wata mata ta tsayar da shi da kwandon albasa, ya wuce ta.

Yara suna lakwal. Gidan shiru. Tsahara tana zaune a inuwar rumfa tana tsince shinkafa a faifai, wayar tana kan tabarma kusa da ƙafarta. Ya yi sallama, ta amsa. Ta kawo masa ruwa a kwano kamar kullum, ta koma ta zauna.

"Yau da wuri, Malam."

"Ba fasinja." Ya sha ruwan. "Ara mini wayarki, tawa ta ƙi kamawa."

"Ga ta nan."

Ya miƙa hannu.

"Katin ba ya ciki," ta ce. "Na cire na ajiye."

Ya janye hannun. Ta ci gaba da tsintar shinkafa, tana jefa tsakuwa gefe ɗaya ɗaya.

"Ni da Wasila maƙwabciyarmu muka kalla da sahe. Na naɗin sarauta ya ƙare, wanga ya biyo baya da kanshi. Muna ta dariya. Da aka zo wurin zane sai Wasila ta ce ta bar tukunya a wuta. Ita ta taya ni ɗinke bakin zanen nan, shekarar da aka kawo ni."

"Tsahara, Muttaƙa ne. Kin san bakinshi. Duk abin da ya..."

"Ƙarya ya yi?"

Da ta ɗaga murya da ya sami abin kamawa. Ba ta ɗaga ba.

"Ba ƙarya ya yi ba."

"To."

"Ban san abin da ke cikin buhun ba. Wallahi ban sani ba. Shekarata ashirin da biyu."

"Na yarda. Ba shi nake tambaya ba." Ta ajiye faifan. "Ƙanin babana ya yi kaso kan rikicin gona, ya hito, ba wanda ya ƙi cin abinci da shi. Da ka hwaɗa, wataƙila Baba ya ƙi, wataƙila ya yarda. Wannan ya wuce. Ni Alhaji Mahmud nake tambaya."

Labo ya runtse ido.

"Mai gidan da ka zauna a zangon Kumasi. Wanda ya yi jinyar hannunka. Wanda ka ce ya riƙe ka kamar ɗanshi. Akwai shi?"

"Babu."

"Ka shigo gidan ga wata rana ka ce an bugo maka waya ya rasu. Na yi kuka. Na toya waina ta kwano biyu na raba sadaka. Duk azumi ina sa shi cikin addu'a, bayan uwata. Shekara shida."

"Kin yawaita tambayata yaushe za mu je mu gaishe shi. Ban san yadda zan yi ba."

"Sai ka kashe shi."

Akuya ta matso kusa da faifan, Tsahara ta kore ta da bayan hannu.

"Da ruwan sama da ka ce ana kwana bakwai ana yi. Da tuwon ayaba da ka koya mini, na yi ya ƙi, ka ce ba irin ta can ba ce. Da ɗiyarmu Yasmin ta ce ma malaminsu babanta ya san teku. Ina ka samo su?"

"Akwai wani mutumin Gana a ɗakinmu. Shi yake ba mu labari."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa mata farashin abu.

"Shekara goma sha ɗaya ina kwana ɗaki ɗaya da kai. Na haihu huɗu. Muttaƙa mi ya yi maka da ka ba shi, ni ka hana ni?"

"Shi ba na tsoron ya tahi."

Ta dube shi sosai a karon farko tun shigowarsa. Bai ga tausayi a idon ba, bai ga fushi ba. Kallon wanda ake son a gane ko an taɓa ganinsa ne.

"Gobe zan tahi Dogarawa. Gara Baba ya ji daga bakina da ya ji a wayar wani. Yara su zauna, akwai lakwal."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba."

Ta tashi ta ɗauko kujerar tsugunno ta ajiye masa a gabanta, ta koma kan tabarma ta jawo faifan.

"Zauna. Hwara daga wanda ya ba ka buhun. Duka nake so, har sunan mutanen ɗakin. Kada ka gyara komi. In na ji Kumasi sau ɗaya, yau zan tahi."

Labo ya zauna. Kujerar ta yi masa ƙasa, gwiwoyinsa suka taso. Ya ce ranar Laraba ce, da sanyin safiya, mutumin ya same shi a bakin kasuwar dabbobi. Tsahara ta tambayi sunansa. Ya faɗa. Ta ce ya ci gaba.