Wuyan Mai Makaranta a Hannuna

Ranar da Mai Makaranta ya shigo ɗakinmu na gashin ƙashi, ni ce a bakin aiki. Tun daga ƙofa na gane shi, da tumbinsa da turarensa mai hawa kai. Shi kuwa bai gane ni ba. Ina zai gane ni? 'Yar direba ai ba abar kallo ba ce a wurinsa.

Babana ne ke tuƙa motar makarantarsa, shekara da shekaru, ko kaza bai taɓa takawa ba. Sai yatsunsa na dama suka fara motsi da kansu a kan sitiyari, babban yatsa da manuni suka sage. Wata safiya mutumin nan ya tare shi a bakin get, gaban iyayen yara, ya kama hannun ya ɗaga sama.

"Ku duba! Ƙwaya yake sha, shi ya sa hannunsa ke rawa. Ba ni makulli!"

Daga baya hoton asibiti ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuyan Baba ne ya zame ya danne jijiyar hannu. Amma wa zai bi gida-gida da hoto? Suna ya riga ya bi shi. Dattijo da furfurarsa, ana ce masa Ɗan Ƙwaya. Ya daina zuwa hira, daga baya ya daina fita gaba ɗaya. Na tsani Mai Makaranta, ban taɓa ɓoyewa ba.

To yau ga shi zaune gabana yana miƙo hannu, yatsu suna ta fizga.

"Malama, duba. Ko biro ba na iya riƙewa. Likita ya ce daga wuya ne."

Na ce, "Kana shan wani abu ne?"

"A'uzubillahi! Ni?"

"Tambaya ce kawai. Kwanta."

Muna da injin jan wuya. Mutum ya kwanta rigingine, a saka masa ɗamara a haɓa da ƙeya, injin ya riƙa ja a hankali don ƙasusuwan su sassauta wa jijiyar. Muddin yana ja, baki ba ya buɗuwa. Na saita shi daidai yadda likita ya ce, ban ƙara ko ƙiris ba, kada wani ya ce na ci amanar aiki. Amma Allah ya sani hannuna ya daɗe a kan maɓallin. Sannan na jawo kujera na zauna dab da kunnensa.

"Ka tuna direbanka da ka ɗaga wa hannu a bakin get? Ubana ne. Ciwonku ɗaya."

Idanunsa suka yi waje. Ya fara gurnani a cikin ɗamara.

"Kada ka motsa, ka ja wa kanka."

Na zayyana masa komai: yadda Mama ke ɓalle wa Baba maɓallin riga, yadda kofin shayi ke suɓuce masa, yadda aka yi jana'izar amininsa ya kasa zuwa don kunya. Gumi ya jiƙa matashin da ke ƙarƙashin kansa. Wallahi daɗi na ji, har cikin raina.

Da na kwance shi ya ce, "'Yata, ki yafe mini."

"Ni ba 'yarka ba ce, kuma ba ni ka yi wa ba. A gaban mutane ka ɓata shi, a gaban mutane za ka gyara."

"In ban zo ba fa?"

"Zan ci gaba da yi maka aiki tsakani da Allah. Ni ce dai a kanka duk zuwan da za ka yi, kuma ban gaji da labarin ba."

Ya yi ta dakewa, ni ma na yi ta zama a kunnensa. Wata la'asar sai ga motarsa a layinmu, ya fito sanye da takalmin wuya, abin nan da ke tallafe wuyan mai ciwo, kai a miƙe kamar wanda ya haɗiye tsintsiya. Na riƙo Baba muka fito bakin shagon mai aski, inda dattijan layi ke zama. Mai Makaranta ya tsaya ya ce ƙarya ya yi, Baba bai taɓa shan komai ba, ciwo ne, ga shi nan a hannunsa shi ma.

Na dubi Baba, don na san halinsa. Ko marinsa ka yi, "ba komai" zai ce maka. Amma sai ya juya yana kallon can ƙarshen layi, inda ƙananan yara ke buga ƙwallo.

Ya ce, "Waɗannan dattijan sun ji. Je ka faɗa wa waɗancan. Su ke leƙowa ta taga suna kirana da sunan."

Mai Makaranta ya dube ni, na kau da kai. Ya taka har wurin yaran, kowa na kallo. Takalmin wuyan ya hana shi sunkuyar da kai ya ga fuskokinsu, sai da ya durƙusa a ƙasa.