Kunyar Auta

Shekara guda cur ina yabon ciwon 'yata a gaban mutane, ni a zatona tarbiyya nake yabo.

Ɗinki nake yi. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin layi: keke biyu, teburin yanka, sai wani benci a bayan ƙofa. A kan bencin nan Auta take zama daga ta dawo makaranta har mu rufe. Shekararta goma sha biyar. Ni na saya mata waya da hannuna, don na ga 'yan matan layinmu ba su da aiki sai yawo, na ce gara ta zauna inda idona yake. Kuma da yake rubutu a waya wahala yake ba ni, sai na ɗora mata amsa saƙonnin masu ɗinki. Wannan ta turo hoton samfuri, waccan tana tambayar ko an gama, wata ta sauya ra'ayi karo na uku. In ta gama nawa ta shiga nata kallon. Ban taɓa ce mata ta tashi ta miƙe ƙafa ba.

Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kai, Auta akwai kunya! Ko gaisuwa take yi ba ta ɗaga kai." Ni kuwa sai kaina ya kumbura in ce, "Ai haka na raine ta." Har maƙwabciyata mai kitso na taɓa yi wa gori, wai 'yarta tana tsalle-tsalle a layi kamar an kwance akuya. Ni da bakina na faɗa, Allah Ya yafe mini.

Ana haka Auta ta zo ta ɗaya a lissafi, aka ce za a ba ta kyauta a taron makaranta. Na ce rigar da za ta hau dandamali da ita sai an tambayi wa ya ɗinka. Na yanka, na haɗa, ta gwada. Wuyan ya tattare a baya, gaban ya zubo. Na farke na sake, haka. Na sake farkewa, haka dai. Shekara ashirin ina kan keke, wuyan riga ne zai gagare ni? Raina ya ɓaci, na ɗauko tef.

"Miƙe tsaye. Ɗago kai."

"Na ɗago, Umma."

"Ki ɗago na ce! Surukarki ce ni?"

Na sa hannu a haɓarta na tura sama. Ƙarar da yarinyar nan ta yi, wallahi har yau tana kunnena. Ta dafe ƙeya da hannu biyu ta durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe.

Washegari muka tafi asibiti. Likitar mace ce, na kusa haifarta. Ta ce Auta ta kalli dama, sai ta juya da kafaɗunta gaba ɗaya. Ta ce ta kalli silin, abu ya gagara. Ta taɓa bayanta, yarinya ta zabura. Sai ta karɓi wayar, ta shiga wani wuri da yake nuna awannin da aka yi ana kallo.

"Awa tara a rana," in ji ta.

Caraf na cafe. "Kin ji ko, likita? Kullum sai na yi faɗa, yaran yanzu ba sa ji." Ƙarya ce, ko sau ɗaya ban taɓa yi ba.

Likita ta tambaye ta me take yi a ciki har haka. Auta ta ce, "Hira da ƙawaye." Ba ta rufe baki ba wayar ta yi ƙara a hannun likita. Ta sake yi. Ta kuma yi. Likita ta duba, ta karanta a fili: "Maman Auta, an gama rigar? Maman Auta, a ƙara tsawon hannun. Maman Auta, ga wani samfurin." Ta ɗago ta dube ni. "Ƙawayen ke nan?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na yi wa yarinya ƙarya don in wanke kaina, ita kuma ta yi wa kanta ƙarya don ta rufa mini asiri.

Likita ta juya wurin Auta. "Tun yaushe yake miki ciwo?"

"Tun bara."

"Kin faɗa a gida?"

Kafin Auta ta amsa, ni ce na tuna. Ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Ina kan keke, ko waiwayowa ban yi ba na ce, "Ke yarinya ƙarama ina kika samo baya? Shafa man zafi ki amsa wa matar nan."

Likita ta ce babu abin da ya karye, zama da sunkuyo ne suka ɗaure wuyan da kafaɗun. Ta koya mata motsa jiki, ta ce ta riƙa tafiya, ta riƙa wasa da sa'anninta, a rage wayar sosai. Na ce nan da kwana tara fa za ta hau dandamali. Ta ce, "Abin da aka yi shekara ana tarawa ba zai warware a kwana tara ba."

Da muka dawo na ɗauke bencin na kai bayan gida. Na je wurin mai kitso, ina sinne kai, na roƙi 'yarta ta riƙa biyo wa Auta su fita da yamma. Ba ta tuna mini maganar akuya ba, kuma hakan ya fi ci mini rai. Rigar kuwa na gyara ta daidai da jikin da yarinyar take da shi: na ƙara baya, na rage gaba, ina ɗinki ina share ido.

Ranar taro aka kira ta. Ta hau, ta karɓi kyautarta kai a ƙasa. Ta so ta hango ni a cikin jama'a, sai da ta juya da jikinta duka. Matar da ke kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "'Yarki ce? Kai, kin iya tarbiyya! Dubi kunya, ko ɗaga kai ba ta yi."

Na ce, "Ba kunya ba ce, baiwar Allah. Ba ya ɗaguwa ne. Ni na zaunar da ita."

Auta ta gano ni, ta ɗago mini takardar tana murmushi. Ni da wuyana lafiya lau, na kasa ɗaga kai in dube ta.