Launin Cocin Agogo

"Ku yi a hankali mana, ba buhun shinkafa kuka ɗauko ba!"

Hemanta Biswas ke faɗa, yana bisa kujerar kaba, maza biyu na maƙwabta suna saukowa da shi ta ƙunƙuntar matakalar gidansa. 'Yarsa Mitali na biye da bargo, tana roƙonsa ya rufe baki ya adana numfashinsa. Latika Sarkar na tsaye a ƙofar gidanta da lema a hannu. Ta ce da buhun shinkafa ne ai da an ji daɗin ɗaukarsa, don shi ba ya surutu.

"Boudi, ki jira mu je," in ji shi. "Yau za ki ji kunya."

Boudi yake kiranta, matar wa, domin marigayi mijinta amininsa ne kuma ya girme shi. Tun tana amarya a wannan lungu na Kolkata suke tsokanar juna, ga shi furfura ta rufe su ba su daina ba. Likita ya riga ya gaya wa Mitali cewa zuciyar tsohon ta gaji, a bar shi ya ci abin da yake so. Kowa a lungun ya sani, shi ma ya sani. Amma ya ce babu inda za shi sai an raba gardamar launin coci.

Cocin Agogo, kamar yadda 'yan unguwa ke kiransa, Turawan Angalika suka gina shi da jan bulo tun ana shigo da kaya ta kogi. Yana da manyan ginshiƙai a gaba, da rumfar da karusai ke tsayawa a da, da dogayen tagogin katako masu shan iska. Girgizar ƙasa ta taɓa karya tsinin hasumiyarsa, aka mayar da shi guntu aka saka agogo. Yanzu damina ta cinye fentin, bango ya yi baƙi-baƙi, aka kafa gorori na hawan magina za a gyara. Hemanta, wanda ya yi shekaru yana kaɗa ogan, babban molon cocin, ya rantse asalin launinsa rawaya ne, haka kakarsa ta gaya masa. Latika, wadda ita ma tana cikin kwamitin cocin, ta ce fari ne, kuma kakar Hemanta ba ta gani sosai. A kan wannan aka tashi taro ba sau ɗaya ba. Da Fada Naskar, limamin cocin, ya gaji, sai ya ce a kankare bango a gani.

Aka ɗora Hemanta a keken ja, Latika na tafe a gefe tana kare shi da lema, yana cewa tana tsokale masa ido da gangan. Mai shayin bakin titi ya rufe tukunya ya bi su, haka ma matar da ke sayar da furanni.

Abin da Hemanta bai sani ba, Latika ta riga ta je wurin magini Sirajul tun da safe. Ta ce masa idan yana kankarewa ya ga rawaya, ya tsaya nan, kada ya ƙara. Ita ta san fari ne, amma mutum ba ya tafiya kabari da kaye a hannun matar wansa.

Sirajul ya durƙusa a gindin ginshiƙi na farko ya sa wuƙa. Toka-toka ya fita, sai wani kore na zamanin yaƙi, sai fari. Latika ba ta ce a tsaya ba. Ya ƙara kankarewa, sai ga rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya ce an zo ƙarshe. Mutane suka tafa, Fada ya yi ajiyar zuciya.

Hemanta bai tafa ba. Ya dubi magini, ya dubi Latika, wadda ta ga dama a lokacin ta tsura wa agogo ido.

"Boudi, tunda nake ban taɓa kayar da ke kika yi shiru ba. Me kika gaya wa mutumin nan?"

"Ni? Ina ruwana da shi?"

"Sirajul, ci gaba. Sai na ga bulo."

Magini ya saci kallon Latika, ta ɗaga kafaɗa. Ya koma ya sa wuƙa. Rawayar ta ɓare kamar ɓawon albasa, abin da ya fito a ƙarƙashinta ba fari ba ne. Ruwan hoda ne, irin na alewar yara. Daga shi sai farar ƙasa da bulo.

Mai shayi ne ya fara tuntsirewa da dariya. Hemanta ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mitali na bubbuga masa baya tana hawaye tana dariya. Da ya samu numfashi ya ce ashe duk Turawan nan masu gashin baki, da sunayensu ke rubuce a duwatsun bango, a cikin alewa suka yi ta ibada. Latika ta ce kakarsa da kakarta duk a haɗa su a saya musu tabarau.

Hemanta ya ce tunda an zo, a shiga da shi cikin cocin. Aka ajiye kujerarsa a tsakiya, ƙarƙashin fankokin da ke reto daga dogon rufi. Ya daɗe yana kallon hasken da ke ratsowa ta tagogi yana kwanciya a kan kujeru. Bai nemi a kai shi wurin molo ba. Ya dai nuna wa Mitali inda shi da mahaifiyarta suka tsaya ranar aurensu, ya ce ranar ruwa ya zubo ta rufi daidai kan limamin, kuma mijin Latika ne ya riƙe lema.

A hanyar dawowa ya jawo gefen mayafin Latika, murya ƙasa-ƙasa.

"Kada ki kuskura ki bar mini nasara don tausayi. Ki yi faɗanki yadda kika saba."

"Wa ya ce maka ina tausayinka? Gobe miyar kifi zan kawo, ka ci ko ka bari."

Ya ci, har ya ce gishiri ya yi yawa. Mako bai zagayo ba ya rasu, da hantsi, Mitali ta shiga da shayi ta tarar ya kishingiɗa kamar mai sauraron rediyo. Aka shiga coci da akwatin gawarsa ta tsakanin gororin gini. Sirajul da mutanensa suka sauko suka tsaya a gefe, sun cire ƙyallen da ke kansu, har aka wuce.

A taron kwamiti na gaba Fada ya tambaya wane launi. Kowa ya ce fari, ba wanda ya ko yi tari. Latika ta duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ranta ya ɓaci. Ta miƙe ta ce wane irin taro ne wannan, mutane kamar an jiƙa su? Ta shiga kare rawaya da duk hujjojin Hemanta, har da na kakarsa, ta ƙara da nata. Aka ɗaga hannu, ta faɗi ita kaɗai. Ta fito tana huci, amma ta fi jin daɗin ranar fiye da duk kwanakin da suka wuce tun jana'iza.

Aka shafa fari. Ranar da aka kwance gorori ta biyo ta nan daga kasuwa, ta tsaya a tsallaken titi. Ya yi kyau, ba ta musa ba, ko da yake hasken ya sa ta runtse ido. Ta juya ta shiga lungu da kwandonta. A barandar sama Mitali ta shanya katifar babanta a rana, wata mage kuma ta riga ta samu wuri a tsakiyarta, ta miƙe ƙafafu tana barci.