Ƙanƙara a Bayan Dashbod

Yaya ya ce tunda ya fara gyaran esin mota, hannunsa bai taɓa yin kuskure ba. Ya ce shi ba ya neman cuta, cuta ce ke zuwa ta gaishe shi. A kan allon garejinsa ya sa an rubuta Likitan Sanyi, kuma da farar riga yake aiki, wadda rabonta da fari an jima.

Auta, ƙanwarsa, ta ji wannan magana ya fi a ƙirga. Yau ma a tsaye ta saurare ta, makullin mota a hannu, ta bar shi ya kai aya.

Motar ce abincinta. Tun rasuwar mijinta take jigila da ita, kuma aikin da ya riƙe gidan shi ne kai wani tsoho asibitin wankin ƙoda, can bayan gari, ta jira shi ta dawo da shi. Tsohon ba ya jure zafi ko kaɗan. To ga esi ya tsiro da sabon hali: in an taso, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, in an yi nisa sai iskar ta rinƙa raguwa har ta ɗauke, fanka na ta gurnani a banza. Jiya tsohon ya isa gida jiƙe da gumi, yana haki. 'Yarsa ba ta ɗaga murya ba, ladabinta ma ya fi zagi ciwo. Ta ce in an sake haka, za su nemi wata motar.

Zuwan Auta garejin kan wannan matsala ba na fari ba ne. An ƙara gas, an canza fiyus, an wanke abin da bai yi datti ba. Abin haushi, duk sanda motar ta iso gaban Yaya sai ta warke sarai, kamar yaro mai ƙaryar ciwon ciki ya hango allura. Yanzun ma ya tayar da ita, ya kara bayan hannu a bakin iska, ya lumshe ido irin na masana, ya ce lafiyarta lau, wataƙila tsohon ne mai zafin jini.

Tsallaken titi akwai sabon gareji mai gilasai da kwamfuta. Auta ta dube shi, Yaya ya ga ta duba, ya kau da kai yana goge sukundireban da ba abin da ya same shi. Ta san in motarta ta shiga can, kafin azahar duk layin ya ji cewa Likita ya kasa jinyar 'yan gidansu. Shi ya riƙe ta bayan mutuwar mahaifinsu, shi ya koya mata tuƙi. Kwastomominsa kuma kullum raguwa suke, ko da yake shi cewa yake yana tace su ne.

"Yaya, ɗauko kayanka ka shigo. Yau kai ne tsohon."

Ya ce likita ba ya bin marar lafiya yawo. Ta buɗe masa ƙofa. Ya shiga.

Suka kama hanyar asibitin. An yi ruwa da safe, gari ya yi lumshi, iska duk danshi. Yaya ya miƙe ƙafa yana ba ta labarin wani babban mutum da ya taɓa roƙonsa ya rage wa motarsa sanyi. Labarin bai ƙare ba iskar ta fara ja da baya. Ya kara hannu. Ya sake karawa. Ya murɗa fanka har ƙarshe, ƙara ta ƙaru, iska babu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, babban mutumin ya tsaya a tsakiyar roƙo.

Ta faka a gindin wata bishiya. Ya kwance akwatin dashbod da ke gaban kujerarsa, ya durƙusa a ƙasa, rabin jikinsa a waje, ya leƙa da tocila. Ƙarfen da ke sanyaya iskar ya daskare fari fat, ƙanƙara ta toshe shi ko'ina. Nan ya gane abin da ya sa motar ke warkewa a gabansa: kafin ta huce ta iso gareji, ƙanƙarar ta narke.

Gaskiya a nan Auta ta ga Yayan da ta sani da. Surutu ya tafi, hannu ya karɓi aiki. Ya bayyana mata a taƙaice cewa akwai wani ɗan sensa kamar ƙwayar ashana da ke maƙale a jikin ƙarfen, shi ke gaya wa kwamfiresa, injin da ke haɗa sanyin, ta huta in sanyi ya kusa zama ƙanƙara. Ya laluba ya zaro shi, ya haɗa da mita. Ya nisanta mitar da idonsa, ya matso da ita, sannan ya ce rana na haske masa gilashin, ta karanto masa. A inuwa suke, amma ta karanta. Ya dunƙule sensan a tafinsa ya ɗumama, lamba ta sauka. Ya manna shi a ƙanƙarar, lamba ta hau. Sensa dai lafiyarsa ƙalau.

Sai ya bi wayar da yatsa har ya tarar da wani ƙullin baƙin salatif. Ya warware. An yanke wayoyin sensan, an haɗe su ta yadda kwamfiresa ba za ta taɓa tsayawa ba. Ya mayar da kowace mazauninta, ya naɗe da kyau, suka jira ƙanƙarar ta zube a ƙarƙashin mota. Da ta tayar, iska ta fito cike da baki. Can suka ji kwamfiresa ta yi ƙas ta tsaya, ta jima kaɗan ta sake kamawa. Suka yi tafiyar da ta fi ta ɗazu, sanyi bai gaza ba. Auta ta sauke numfashin da take riƙe da shi tun jiya.

Jin iska a fuska, Likita ya farfaɗo. Ya ɗaga guntun salatif ɗin da yatsu biyu kamar ya kamo ɓera. Ya ce wannan aikin jaki ne, aikin 'yan koyo masu neman a yabe su da sanyi, kuma da shi ke da iko da an ƙwace wa mai shi kayan aiki.

"Faɗa min gaskiya, Auta, ba zan yi fushi ba. Wurin wane ɗan tasha kika kai ta?"

Ta sa sigina, ta duba madubi, ta sha kwana.

"Kai ne, Yaya. Da bazara, ranar da na ce sanyin ya yi kaɗan. Ni na riƙe maka tocilar."