Tulin Laka a Bakin Rafi

Tun da idon Baba ya dushe, kunnensa ya karɓi aikin. Kullum da hantsi babban ɗansa, direban katafila, zai riƙo hannunsa zuwa bakin rafi, ya zaunar da shi a kan wani faffaɗan dutse. Kunkurun ruwa yake zuwa saurare. Suna shan rana a kan duwatsu, da sun ji motsi sai su faɗa ruwa, tsulum, tsulum. Tsohon ya yi ta dariya kamar an yi masa kyauta.

Lokacin da fari ya tsananta, rafin ya ƙafe ya bar gurbi ɗaya. Kunkuru suka yi ta raguwa, har aka wayi gari shiru. Baba ko a jikinsa.

"Sun shige laka," in ji shi. "Haka suke yi. Su binne kansu cikin danshi, su yi lamo har ruwa ya sauka."

Maganar ta zo wa direba a makare. Kwanakin baya, ba da shawarar kowa ba, ya kawo katafila ya yashe gurbin. Shi a ganinsa gwaninta ya yi: rami ya yi zurfi, ruwa ya daɗe, tsoho ya ji daɗi. Lakar kuwa ya tula ta a kan gaɓa, rana ta gasa ta kamar bulo.

Da yamma ya koma shi kaɗai da diga. Ya fasa tulin, sai ga ƙwaryar mataccen kunkuru, ga wata, ga ƙanana da ba su kai tafin hannu ba. Ya zauna a ƙasa, kunya da takaici suka rufe shi. Sau nawa ya buɗe baki zai faɗa wa Baba, sai ya ƙare da tambayarsa ko ciwon ƙafarsa ya yi sauƙi.

Ranar da ruwa ya sauka, tsohon ya riga kowa neman takalmi.

"Kai ni, yau za su fito."

Rafi ya cika, duwatsu sun wanku tas, babu kunkuru ko ɗaya a kansu. Baba ya karkata kai yana jira, bakinsa a shirye da dariya. Direba ya kasa jure kallon wannan fuska. Ya sunkuya a hankali, ya tsinci duwatsu, ya jefa ɗaya.

Tsulum.

"Ka ji su, Baba?"

Ya sake jefa wani. Tsohon bai yi dariya ba. Ya daɗe yana saurare, sannan ya lalubo hannun ɗansa, ya taɓa sauran duwatsun da ke dunƙule a ciki.

"Su in sun faɗa, sukan ɗago su sha iska," ya ce a hankali. "Zubar da waɗannan, ɗana. Zauna ka gaya mini."