Tarin Hajiya Mahasin

Jini ne a hankicin, ko da yake Hajiya Mahasin ta rantse zoɓo ta sha. Murja ta naɗe shi. Wata biyar ke nan tana aiki a wannan gidan kula da tsofaffi na unguwar Ma'adi, a ƙasar waje, tana barin ɗiyarta Ilham, 'yar shekara biyu, wurin maƙwabciya a unguwarsu ta Hayyin Ashir. Tun zuwan Murja tsohuwar ke tari.

Ta kai wa Madam Samar, mai gidan, hankicin. Madam ko kallon kirki ba ta yi masa ba, ta ce sanyi ne, tsoho ai ba ya rabo da tari. Ƙarya take, ta san abin da take gudu: ranar da aka ambaci tarin fuka, ranar masu hali za su kwashe iyayensu. Saboda haka babu gwajin kaki, babu ware ɗaki, tagogi kuma a rufe ruf don kada sanyin na'ura ya fita. Tsofaffi huɗu a ɗaki ɗaya, numfashin wannan abincin wancan.

"Sa wannan, ki kama bakinki. Khalas, shi ke nan," in ji Madam, ta miƙo mata takunkumi.

Murja ta ɗaura, don Ilham ta ɗaura. Amma da ta shiga da kunu, Hajiya ta tsura mata ido. Bahaushiyar Sudan ce, 'ya'yanta sun ajiye ta sun wuce Turai, kuma duk gidan babu mai jin Hausarta sai Murja.

"Ɗiyata, ke ma ƙyamata kike?"

Kunya ta rufe Murja. A Maraɗi aka haife ta, inda ko tofar da yawu a gaban babba abin magana ne, balle toshe hanci. Ta tuna da Ilham, wallahi ta tuna. Sai dai ta ga hawaye a idon sa'ar kakarta, ta kwance takunkumin ta cusa a aljihu. Daga ranar sai in Madam na kusa take ɗaurawa.

* * *

Hajiya ta rasu kafin azumi. Aka rubuta tsufa, aka canza zanen gado, washegari wata tsohuwar ta hau. Da Murja ta fara tari da zufa, Madam ta sallame ta da "ma'alish", wato ta yi haƙuri.

A asibiti likita ya gama duba Murja, sannan ya tambaya ko akwai ƙaramin yaro a gida. Ta ce akwai. Illiyasu, mijinta, ya ɗora Ilham a sikeli, likitan ya dubi lambar ya sa a yi mata gwaji. Gwaji ya nuna ita ma ta kamu. Maganin wata shida, kullum da safe, ba fashi.

Makon farko sai Illiyasu ya danne Ilham ake ɗura mata, tana kuka har muryarta ta dishe. Yau da safe Murja ta narka ƙwayar a cokali, ta juyo tana neman mai riƙe mata yarinya. Ilham na zaune a tabarma, wuyan rigarta ya zame daga kafaɗa. Ta ɗaga kai, ta buɗe baki da kanta.